Ni Na Kai Shi Dutsen Baba

Malam Edita, ka ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina. A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, ni malamin firamare ne a Birnin Kudu, saurayi, ga rawar kai. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ban yi shawara da kowa ba na tafi Kano na sayo besfa shuɗiya. Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Duk Asabar sai in cika tanki in nausa cikin duwatsu, wata rana kuma in miƙe har Gwaram in zauna a gaɓar kogi ina kallon masunta.

A irin wannan yawo ne besfar ta mace mini a wani ƙauye bayan Kangire. Wani dattijo manomi ya taya ni turawa har ƙofar gidansa, matarsa ta dama mini fura. Daga nan muka saba, ina ce masa Baba, ina ce mata Inna. Sai da muka shekara sannan wata rana ya ja ni bayan gonarsa, muka kutsa ta wani tsagin dutse da sai mutum ya karkace yake wucewa. A ciki akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa ko rani ya kai ina, da wani falalen dutse wanda in ka buga yake amo kamar ƙararrawar makaranta. Ya ce nan mata ke kawo amarya ta yi wanka su buga mata dutsen kafin a kai ta, nan kuma gari ke sha in rijiyoyi sun janye. Ya ce ba sa nuna wa baƙo, ni ma don na zama ɗan gida ne, in bar shi a cikina. Na ɗaukar masa alkawari.

Sai ga wani abokina da muka yi kwaleji tare ya zo mini hutu daga Kano. Mutum ne mai baki. Kwana biyu ina goye da shi a besfa, duk inda na kai shi sai ya taɓe baki, ya ce shi da ya ga teku a Ikko me zai kalla a nan, in ba awaki da duwatsun banza ba. Abin ya sosa ni, ban ɓoye ba. A rana ta uku na san Baba ya tafi kasuwar Sara, sai na ce wa abokin nan ya hau, yau zan rufe masa baki. Da muka shiga tsagin kuwa ya daina taɓe baki. Ya ciro wata 'yar guduma yana ƙwanƙwasa dutsen, ya ɓantari kaɗan ya jefa aljihu, ya ce tsaraba ce. Da za mu tashi ya leƙa mitar besfa, da muka hau titi ya sake leƙawa ya rubuta wani abu. Ni kuwa, dolo, ina ta washe baki wai na ci gari.

Damina na wucewa tifofi da katafila suka iso ƙauyen, da takardar hukuma. Kamfanin da ke gina hanya yana neman tsakuwa. Da na ji labari na garzaya, ƙarar nakiya ce ta tare ni tun daga nesa. Wa zan gani da hular kwano yana nuna wa leburori inda za su haƙa? Abokina. Ko kunya babu, ya rungume ni a gaban mutanen gari, ya gaya wa shugabansa cewa ga mutumin da ya rage musu wahalar watanni. Da na ja shi gefe na tambaye shi me ya sa ya yi mini haka, sai ya yi dariya, ya ce dutse dutse ne, hanya kuwa ci gaba ce, in daina ƙauyanci. Ashe tun zuwansa aiki aka turo shi, ni da besfata kayan aiki ne kawai. Cikin mako biyu idon ruwan ya binne.

Na fi wata ban iya zuwa gidan Baba ba. Da na je, ya amsa gaisuwata cikakkiya, har ya tambayi 'yan makaranta. Sannan ya ce tun ranar da ya dawo daga kasuwa ya ga sawun tayata da sawun mutum biyu, tun lokacin yake jira in faɗa masa da bakina. Inna ta kawo mini ruwa a kwano, jajir da laka, ta ba ni haƙuri, ta ce yanzu daga nesa suke ɗebowa. Wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Haka na shanye ruwan tas.

Har yau ban yafe wa abokin nan ba, ina jin ciwon abin kamar jiya aka yi. Amma shekaru sun nuna mini cewa kafin ya ci amanata, ni na fara cin ta Baba, don kawai kada a raina garinmu. Ina gargaɗin masu karatu, musamman samari masu son burgewa: abin da aka nuna maka don an yarda da kai ba naka ba ne da za ka yi ado da shi, kuma ka lura da wanda ka goya a bayanka. Hanyar tana nan, mutane na yaba kyaunta. Ni in na hau ta, shiru nake yi, don na san abin da nake takawa.