Tagar Bayan Tashar Gwamanzi

Mijina, Mqondisi Hlabangana, shekara talatin da huɗu ya yi yana haɗa taragu a filin jirgin ƙasa na Bulawayo. Da yatsu goma ya shiga aikin, ya fito da takwas. Ranar da ya yi ritaya na ce madalla, yau dai na samu mai gyara mini ƙofar kicin. Ina! Ko wata uku bai cika ba ya shiga wata ƙungiya ta masu wasa da ƙananan jirage a wani lambu can unguwar masu hali. Jirage ne da ba su wuce tsawon hannu ba, suna zagaya tsakanin furanni suna fitar da hayaki na gaske, tsofaffi masu furfura suna binsu a durƙushe.

"SekaLindiwe," na ce masa, don da sunan 'yarmu ta fari nake kiransa, "manyan sun cinye maka yatsu biyu. Ƙananan kuma me za ka ba su?"

"Sauran takwas ɗin, MaNdiweni," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

A shekararsa ta uku ƙungiyar ta ƙara tsawon layi, suka zuba daɓen siminti inda za a ɗora sabuwar tasha kafin ranar da suke buɗe lambun ga jama'a. Sauran a kwali suke sayo gine-ginensu daga waje, su manna. Shi ya ce a bar masa, zai gina tashar Gwamanzi da hannunsa tun daga tushe. A can aka haife shi. Ubansa ne ke ba injuna ruwa, uwarsa tana sayar da dafaffiyar masara da ƙwai ga fasinjoji. An rushe tashar tuntuni, ba abin da ya rage sai ƙaya.

Wata takwas na sha wahala, ni da ban ce ina son jirgi ba. Ya ɗebo jar ƙasa a gindin suri ya riƙa buga bulo, kowane ɗaya bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na buɗe tanda zan gasa burodi na tarar da ɗari huɗu a ciki. Gwangwanin lemo ya yanka ya matse tsakanin jerin ƙusoshi, ya zama kwanon rufi. Akwatin tumatir ɗina ya koma ƙofofi da benci. In bulo ɗaya ya karkace sai ya kwance layin gaba ɗaya. Na yi masifa har na gaji. Amma ranar da ya gama, da na leƙa, wallahi nan take na gane ta. Ita ce, ba tantama.

Ya juyo mini da bayanta. Ga 'yar taga a ƙasa-ƙasa, ba gilashi, sai murfin katako, ba rumfa a kanta, ba daɓe a gabanta. Nan mu baƙaƙe muke yankan tikiti a wancan zamani, fuskar magatakarda ma ba ka gani, sai hannunsa. Ni kaina na tsaya a wurin ina da shekara sha tara, ruwa yana dukana, Turawa uku kacal suna zaune a baranda ta gaba mai cin mutum hamsin.

To ƙungiyar tana da doka, kuma suna ji da ita: ba a ɗora gini a layi sai da hoto ko zanen asali da zai nuna haka yake. Hotunan Gwamanzi uku suke da su, duk na gaba. Wa zai ɓata fim a bayan tasha?

Shugabansu, Mista Gilchrist, tsohon direban jirgi ne, ba mugun mutum ba, ya sha zuwa gidanmu shan shayi. Ya zo da ma'auninsa ya auna baranda, ya ƙirga bulo, yana ta yabo. Da ya zagaya baya sai ya nuna tagar.

"Hlabangana, wannan ba ta cikin hoto."

"Ba ta ciki."

"Shekara tara ina wucewa ta tashar nan, ban taɓa ganinta ba."

"Daga kan inji ai ba a hango ta, Mista Gilchrist. Sai an sauko."

Aka kai maganar kwamiti: ko ya toshe tagar, ko tashar ba za ta hau layi ba. Akwai wani injiniya a cikinsu, Bekezela Mlotshwa, ɗan ƙasa kamar mu, wanda aka haifa bayan an daina wannan abu. Ya biyo mu har gida.

"Baba, don Allah ka shafe ta. Ko kwalin ashana ba ta kai ba. Ranar buɗe lambu ta yara ce, me zai sa a tayar da tsohon zance?"

"Ɗana, ta gasken sun rushe ta. In na toshe wannan da hannuna, ka ga uwata ba ta taɓa tsayawa a wurin ba ke nan."

Ranar zaman kwamiti mijina ya cika ƙaramar bas da tsofaffi goma sha ɗaya daga unguwannin Makokoba da Njube, duk waɗanda suka taɓa hawa jirgi a Gwamanzi. Kai, na sha dariya ran nan! Suka kewaye tebur suka kaure da gardama. Wannan ya ce murfin kore ne, wancan ya ce ƙarya kake, ruwan ƙasa ne. Gogo MaTshuma, da ta haura tamanin, ta buga sandarta ta ce mijina ya yi wa tagar alfarma, ta fi haka ƙasa, ita ta san abin da bayanta ya ji. Ba wanda ya ce babu taga.

Mista Gilchrist ya saurare su tsaf, kunnuwansa sun yi ja. Sannan ya ce ya yarda da su, amma doka hoto ta ce. In aka karya ta yau, gobe kowa sai ya gina abin da ya ga dama ya ce ya tuna. Aka ɗaga hannu. Huɗu suka ce a toshe, uku suka ce a bari. Bekezela yana cikin huɗun, kansa a ƙasa.

Raina ya ɓaci. Shi kuwa gogan nawa sai ya miƙe. Ya lulluɓe tasharsa da bargo, muka kama ni da shi muka kai mota. A hanya na ce to shi ke nan, sai ya bar musu ƙungiyarsu su ci.

"In bar musu? Ni ɗan ƙungiya ne."

Ranar buɗe lambu ya saka tsohuwar rigarsa ta aiki, ya ce in shirya. Jama'a sun cika, yara sun fi yawa. Jirgin yana zuwa ya tsaya a gaban daɓen siminti fayau, ya yi usur, ya wuce, don ba su samu lokacin gina wata ba. Mijina ya je ya tsaya ƙiƙam a gefen daɓen. Ba a jima ba wata mata ta tambaya, "Baba, ina tashar?"

Ya gaya mata. Ya faɗi inda baranda take, ya nuna da ƙafa inda tagar take, da wanda ke tsayawa a gaba da wanda ke tsayawa a baya, da dalilin da ya sa daɓen yake haka ba komai. Ta kira mijinta. Wasu suka matso. Mista Gilchrist ya zo a hankali ya ce, "Hlabangana, haba, ba haka ake yi ba."

"Ban ɗora komai a layinku ba," in ji shi. "Tambayata ake yi."

Tun ƙarfe goma yake abu ɗaya, rana na dukansa, ya ƙi kujera, ya ƙi shayi. Wajen ƙarfe uku muryarsa ta dishe, yana buɗe baki ba abin da ke fita, ga mutane sun fi ashirin suna jira. Ya dube ni. Na ajiye jakata a kan daɓen, na ɗora daga inda ya tsaya.