Kafinta da Bencunan Coci

Shagon Kafinta yana jikin shagon Tela. Bangon katako ne kawai ya raba su, shi ya sa tun suna samari kowa yake jin tarin ɗan'uwansa. Kafinta gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, kansa cike da garin katako har ba wanda ya san ranar da furfura ta fara fito masa. Aikinsa ba ya da na biyu, sai dai ba ya gamawa a kan lokaci. Duk wanda ya zo karɓar kujera sai ya ji a dawo gobe, har Tela ya laƙaba masa suna Sai-gobe. Shi kuma ya rama, yana kiran Tela ɓarawon ƙyalle. Haka suke gaisawa kowace safiya har suka tsufa.

Coci ɗaya suka tashi a ciki. A zamanin nan dogon ɗaki ne mai yoyo. In ruwa ya sauko ana cikin sujada, sai kowa ya ja jiki zuwa gefen da ba ya zuba, a matsu kafaɗa da kafaɗa, mawaƙa su ɗaga murya don kada ruwan ya fi su. Tela yakan ce bai taɓa jin waƙa mai daɗin ta waɗannan ranaku ba. Bencunan da ake zama a kai kuwa duk daga hannun Kafinta suka fito.

Manyan dattawan ikilisiyar biyu ne, kuma duka na Kafinta ne. Ɗaya yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kowa yake kira Hedimasta. Ɗayan Mai Magani ne, wan matar Kafinta. Da can littafin waƙoƙi ɗaya suke riƙewa su biyu a bencin gaba, saboda Hedimasta yana yawan mantawa da nasa.

Sabon rufi ne ya shiga tsakaninsu. Hedimasta ne ya fara kawo maganar, ya bi gida-gida har jama'a suka yarda, Mai Magani kuma ya kawo kwanon rufin. Ranar da aka yi sujadar godiya, Fasto ya daɗe yana yabon Mai Magani, sannan ya ce ana gode wa sauran dattawa ma. Hedimasta ya tsinci kansa cikin sauran. Mai Magani yana iya miƙewa ya gyara maganar, amma ya zauna yana gyaɗa kai. Ba a jima ba aka mayar da Fasto wani wuri, wa'azi ya koma hannun dattawa. Hedimasta ya ce ba zai zauna wanda ya ci yabon wani ya yi masa wa'azi ba. Mai Magani ya ce shi ma ba ɗan makaranta ba ne da za a riƙa tsare shi da ido. Kafin shekara ta zagayo, sujada ta rabu biyu: mutanen Hedimasta da safe, na Mai Magani da yamma.

Sai aka zo kan bencuna. Kowane ɓangare ya ce ba ya zama a kan na wancan. Aka sa Kafinta ya raba su, ya shafa fenti a ƙarƙashin katakon zama da cikin ƙafafu, inda ba a gani sai an kifar: shuɗi na safe, ja na yamma. Ya yi aikin idonsa cike da hawaye. Daga nan, kowace Lahadi in an tashi daga sujadar safe, shi yake kwashe shuɗayen ya jingine su a ɗakin ajiya, ya shigo da jajayen. Ba wanda ya taya shi, don kowa yana tsoron a ce ya taɓa kayan wancan ɓangaren.

Sujada biyun duka yake yi. Da safe ya zauna bayan yayansa, da yamma ya zauna daidai inda zai hango matarsa cikin mata. Abu ɗaya ne yake ci masa rai, kuma Tela kaɗai yake gaya wa ta cikin bango: yana son kafin ya mutu ya sake cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, tare da Yaya da matarsa da wanta a tebur ɗaya. Ya ce in aka miƙo masa ƙoƙon da safe sai ya ji kamar ya ci amanar na yamma, in aka miƙo da yamma kuma sai ya tuna Yaya.

Shekaru suka yi ta tafiya, bencuna suna tsufa. In ƙafar wani ta karye, Kafinta yakan shiga ɗakin ajiya ya ciro ƙafa daga wanda ya riga ya lalace ya buga, ba tare da ya duba fenti ba. Ko hankalinsa ne bai kai ba, ko da gangan ne, Tela ya sha tambayarsa, dariya kawai yake yi.

Ana nan sai mutanen safe suka sami wani ɗaki a can ƙarshen gari, suka ce za su koma gaba ɗaya. Ranar da Kafinta ya ji, ko zarto bai ɗauka ba, don ya san in Yaya ya fita daga wannan ƙofa, an gama. Dattawan biyu suka zo, kowa da mutanensa, aka fito da bencuna fili aka fara kifarwa. Na farko katako shuɗi, ƙafa ɗaya ja. Na biyu katako ja, ƙafafu shuɗaye. Aka kife su duka, ba a sami ko ɗaya mai launi ɗaya ba.

Mai Magani ya ce ko ƙafa ɗaya ja ba za ta bar wurin ba. Hedimasta ya ce shi ma ba zai ɗauki abin da za a riƙa yi masa gori a kai ba. A nan ne bakinsu ya zo ɗaya, karo na farko tun rabuwar: duka suka juya kan Kafinta. Hedimasta ya ce ya bi bayan dangin matarsa, Mai Magani ya ce jini ya ja shi. Suka umarce shi ya ɓalle kowace ƙafa ya mayar inda ta fito.

Abin ya yi wa Kafinta zafi ƙwarai. Ya daina zuwa coci, ya ce bayan duk wahalar da bayansa ya sha, sai sun zo har shago sun ba shi haƙuri. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Wata Lahadi Tela ya dawo daga sujada ya same shi zaune a ƙofar shago ya haɗe rai.

"Sannu, Fasto," in ji Tela.

"Wane Fasto kuma, ɓarawon ƙyalle?"

"Ai yanzu coci uku gare mu. Na safe, na yamma, da naka na nan shago. Kai ne mai wa'azi, kai ne jama'a. Wane fenti za mu shafa maka?"

Kafinta ya harare shi, sannan ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe cutar rabuwar ba ta da wuyar ɗauka. Lahadin da ta biyo ya koma, ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai sake nema ba. Duk sa'ad da aka tambaye shi maganar ƙafafu, sai ya ce gobe. Hedimasta kuwa ya ƙi tashi ba bencuna, don kada a ce an kore shi hannu wofi, har mai ɗakin can ya gaji ya ba wa wasu.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Kafinta. Tela yana zaune a bakin gadon ranar da Hedimasta ya zo dubiya. Kafinta ya kama hannun yayansa ya ce, "Yaya, ban raba ba fa."

"Na sani."

"Ba zan iya ba."

"Bar shi, ƙanena. Kwanta ka huta."

Bai kai ƙarshen makon ba ya rasu. Teburin da ya so bai gani ba. Ranar jana'iza coci ya cika da na safe da na yamma, amma kowa ya koma lokacinsa daga baya.

Sai dai ba mai kwashe bencuna kuma. Lahadin farko, da aka tashi daga sujadar safe, mutane suka tsaya suna kallon juna, sannan suka watse suka bar su a wurin. Hedimasta bai tashi ba. Yana zaune a bencin gaba, hularsa a gwiwa, har rana ta karkata, har na yamma suka fara shigowa suna raɗa. Mai Magani ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, matar Kafinta tana bayansa. Ta ce, "Yaya, ka shiga mana, ka tare hanya."

Ya shiga, ya tafi har gaba. Hedimasta bai dube shi ba, amma ya ɗan matsa gefe.