Horace Tidwell da Cocin Mai Sabulu

Shekara ashirin da shida Horace Tidwell yana riƙe da makullin cocin Marlstead, kuma duk tsawon shekarun nan kunyar ginin yake ji. Ɗan ƙaramin coci ne na jan bulo, da wata siririyar hasumiya mai ƙararrawa ɗaya tal. A shekarar 1868 aka gina shi, zamanin Sarauniya Biktoriya, wato jiya-jiya a lissafin Horace. Wanda ya gina shi ma ba wani basarake ba ne. Mai masana'antar sabulu ne da dukiya ta yi wa yawa, ya ɗauko magina da masu zane daga birni, aka ƙawata bango da furanni da mala'iku cikin ja da kore da ruwan zinariya, aka shimfiɗa tayil mai zanen fure tun daga ƙofa har gindin bagade, wato teburin ibada.

Mil biyu daga nan akwai Brackwell, masu cocin dutse mai shekara ɗari takwas. Can ne baƙi ke zuwa da manyan motoci su ɗauki hoton wani jarumin dutse da ke kwance a kan kabarinsa da guntulallen hanci. Horace kuwa ma'aikacin gidan waya ne, kullum safe sai ya tuƙa kekensa ya kai wa mutanen Brackwell wasiƙu. Su kuma ba su da aiki sai tsokanarsa. In an kwana ana ruwa, mahaucin garin yakan leƙo ya ce, "Tidwell, yaya cocinku? Bai yi kumfa ba dai ko?" Da wani ne, da ya yi dariya ya wuce. Horace sai ya sha toka, ya ƙulle abin a ciki, ya dawo gida ya sauke wa matarsa Enid a kan shayin safe.

Mutum ne da bai gama makaranta ba amma ya karanta littafi ɗaya, kuma wannan ya fi rashin karatu haɗari. Wani tsohon littafi ne a kan cocin ƙauye da ya saya a gwanjo, wanda marubucinsa ya ce maginan zamanin Biktoriya 'yan kwaikwayo ne marasa ido, coci na gaske fari ne fes, ba kwalliya. Horace ya haddace wannan shafi kamar addu'a. Daga nan ya shiga yi wa kowa kallon ƙauyawa, har matarsa, wadda ta taɓa cewa ita dai tana son mala'ikan da ke saman bencinsu domin yana kama da ƙanenta da ya mutu a yaƙi.

Da aka zaɓe shi dattijon coci a 1958, ba don komai ba sai don babu mai so, ya samu abin da yake nema. Ya jira har bazarar da tsohon Rabaran ya kwanta asibiti. Ya kafa tsani, ya dama soda mai zafi a bokiti, ya ɗauki burushin ƙarfe. A ce ma ya shafa farar ƙasa a kai ya haƙura, da da sauƙi. Ina! Horace ba ya aikin ha'inci. Sai da ya kankare kowane fure da kowane fiffike har bulo ya bayyana, sannan ya yaɓa sabon shafe, ya bi da farar ƙasa sau uku. Tayil ɗin kuma ya ɓamɓare shi da diga, ya zuba siminti, ya shimfiɗa tabarmar kaba. Wanda ya farfashe ya cike ramukan hanya da shi. Wanda ya tsira, kamar baro biyu, ya daɓe akurkin kajinsa da shi, don shi bai yarda da ɓarna ba.

 Enid dai ta sauya benci, ta koma kusa da ƙofa, kuma a nan ta riƙa zama har ta rasu. Mabel Crouch, mai yi wa coci kiɗa, ita ce ta buɗe baki. Ta tsaya tsakiyar ɗakin ranar Lahadi, ta kalli bango, ta ce, "Sannu da aiki, Horace. Yanzu kam mun samu ɗakin ajiye madara." Bai kula ta ba. Ya buga 'yar takarda ya ajiye a bakin ƙofa, yana cewa wai ana kyautata zaton akwai tsohon wurin ibada a ƙarƙashin wannan. Shi kaɗai ne ke kyautata zaton, kuma mutanen Brackwell ba su fasa maganar kumfa ba.

Shekaru suka tafi. Matasa suka koma birni, tsofaffi suka koma maƙabarta, har masu zuwa sujada suka koma mutum tara. A 1984 wasiƙa ta zo daga ofishin bishop, kuma Horace da kansa ya buɗe ta: za a rufe cocin a sayar, mutanen Marlstead su riƙa zuwa Brackwell. Hanya ɗaya ce ta rage. In hukumar adana tsofaffin gine-gine ta ga yana da wata daraja ta musamman, za ta karɓe shi, ƙofa ta zauna a buɗe, makulli ya zauna a aljihun Horace. In ba haka ba, zai ƙare rayuwarsa a bencin baya na Brackwell, a bayan ƙeyar ɗan mahaucin nan. Wannan ne ya hana shi cin abinci, ba tsoron Allah ba.

Sati biyu yana shiri. Ya ƙara wa bango farar ƙasa, ya ɓoye allon tagulla mai sunan mai sabulu a bayan kabad, ya goge takalmi. Ranar da jami'ar hukumar ta zo, wata siririyar mata mai tabarau da ake kira Dakta Garrod, ya tare ta tun daga ƙofar maƙabarta. Mabel na ciki tana gyaran furanni, ko da yake ranar Talata ce kuma babu furen da ke bukatar gyara.

Dakta Garrod ta shiga da fara'arta, ta ɗaga kai, sai fara'ar ta ɗauke. Horace ya ɗauka kwarjinin wurin ne ya kama ta. Ya gyara murya ya soma: ya san bulon waje ba abin nunawa ba ne, amma ciki ya yi iya ƙoƙarinsa. Da ta ga yadda ya same shi, da ta toshe ido. Ya ba ta labarin soda da burushin ƙarfe, da yadda hannunsa ya sale har wata guda, bai rage komai ba. Yana faɗa yana jiran yabo.

Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta buɗe jakarta ta zaro wani tsohon hoto, ta miƙa masa. Bangon nan ne, da furanninsa, da mala'ikan Enid. Ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Babban mai zanen da mai sabulu ya ɗauko coci uku kawai ya yi wa aiki a duniya. Ɗaya bam ya ci a lokacin yaƙi, ɗaya gobara. Saboda wannan na ukun ta tuƙo mota mil ɗari da hamsin. Farar ƙasa ba ta tayar mata da hankali ba, in ji ta, domin ana iya cire ta a tarar da zane lafiya a ƙasa.

"Mista Tidwell," ta ce, "ko kusurwa ɗaya ba ka bari ba? Ko bayan ƙofa?"

 Mabel ce ta amsa daga cikin furanninta. "Haba, Dakta, ai ba ki san Horace ba. Shi in ya kama aiki sai ya ga bayansa. Amma in tayil kike nema, ki je ki gaida kajinsa, su ne masu ido a garin nan."

Ta je kuwa. Ta durƙusa a akurki da siket ɗinta mai tsada, ta share kashin kaji da gefen hannu, furen ya fito ja da rawaya kamar jiya aka gasa shi. Ta daɗe tana kallo, Horace na tsaye a bayanta da hularsa a hannu. Ta miƙe, ta yi masa godiyar shayin da ba ta sha ba, ta shiga mota.

Kafin Kirsimeti aka rufe cocin. Wani likitan haƙori daga birni ya saye shi, ya sa bahon wanka a inda bagade yake. Ranar karɓar makulli Horace ya ce ciwon baya ya tashi, ya aika da makullin cikin ambulan ɗin wasiƙa. Bai taɓa taka cocin Brackwell ba sai da aka kai shi a akwati, shekara shida bayan nan.

A cikin shekaru shidan nan, ya sayar da kajin duka. Kowace Lahadi, daidai lokacin da ƙararrawar Brackwell ke kaɗawa daga nesa, maƙwabta sukan gan shi ya nufi akurki da bokitin ruwan ɗumi da tsumma. Yakan durƙusa ya wanke tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, da sabulu, a hankali, don kada launin ya ƙoƙe.