Fili Mai Lamba Sha Bakwai

Ku matso ku zauna, in ba ku labarin Lorna Tibbets, wadda ta shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci a Nebraska. Da mijinta ya rasu sai ta sayar da gidan, ta koma cikin mota mai ɗaki, gado a baya, murhu a gefe. Shekara uku ke nan tana bin gandayen dajin gwamnati ita kaɗai.

Lorna ba ta kama wurin yada zango a dajin ta intanet. Masu yin haka, tun wata shida kafin lokaci suke kamawa, ita kuwa cewa take wa ya ba ta tabbacin wata shida? Don haka sai sansanonin da wanda ya riga zuwa shi ke samu. Ka shigo da sanyin safiya, ka zagaya a hankali kana karanta 'yar takardar da ke maƙale a turken kowane fili, mai ɗauke da ranar tashi. In yau ce, ka tsaya ka jira. Mai wuri na fita, ka maƙala taka.

A duwatsun Montana ne, cikin watan Yuli. Kwana huɗu tana zuwa wani sansani tana tarar da an cika, ta koma mil hamsin ta kwana a harabar wani kanti, inda ban da "na gode" ba ta ce wa kowa komai ba. Rana ta biyar, a fili mai lamba sha bakwai, ta ga takarda mai kwanan ranar, ga wani dattijo yana naɗe tiyon ruwa.

"Barka da safiya. Tashi za a yi?"

"In ciwon bayana ya yarda, Madam," in ji shi. "Harlan sunana. Kin zo cin gadon mai rai ke nan?"

"Ai na ga ka kusa, shi ya sa na matso."

Ya yi dariya har da tari, ya jawo mata kujera, ya zuba mata gahawa. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Mista Harlan, da ruwan wanke-wanke ka dafa wannan?"

"Matata ma haka take cewa. Shekara arba'in tana faɗa, ba ta taɓa rage ko ɗigo ba."

Hira ta ɓarke. Ya ba ta labarin rabon wasiƙu a Idaho da karnukan da suka haddace ƙafarsa, ta ba shi na yaran da ke ɓoye wake a aljihu don kada su ci. Ana cikin haka wasu masu tashi daga fili na ashirin da biyu suka yafuto ta don ta karɓi wurinsu, ta ɗaga musu hannu alamar ta samu. Wata mota da ke jira a bayanta ta shige can.

Wajen ƙarfe goma Harlan ya ce ta jira shi. Ya taka zuwa allon bakin ƙofar sansanin, inda ake biyan kuɗin fili, ya dawo da sabuwar takarda ya maƙala a turke, bakinsa har kunne.

"Na ƙara kwana biyu. Tun da na zo wurin nan ban sami abokin hira ba sai yau. Gobe ke za ki dafa gahawar, mu ga taki."

"A ina zan dafa, Mista Harlan?"

Ya dubi motarta, ya dubi tasa. Filin na mota ɗaya ne, dokar ma haka ta ce. Can bakin ƙofa kuma an riga an rataya allon an cika. Dattijo ya cire hularsa ya tsaya yana murza ta.

"Kin ga tsufa ko? Ni hirar kawai na hango." Ya kai hannu kan takardar. "In cire in tafi? Wurin naki ne tun safe."

Lorna ta daɗe tana kallon hannun. Ta tuna harabar kantin, ta tuna mil hamsin.

"Cire," ta ce a hankali.

Ya cire. Ya ƙarasa naɗe tiyonsa, ya tayar da mota, ya daɗe yana ɗaga hannu ta taga kafin itatuwa su rufe shi.

Lorna ta yi sati biyu cur a wurin, ga tafki a gabanta, ga duwatsu masu ƙanƙara a ka. Maƙwabta suna zuwa suna tafiya, iyali-iyali, kowa da mutanensa, gaisuwar ma daga nesa.

To ku faɗa min, ran nan Lorna samu ta yi, ko rashi?