Ranar Da Muka Yi Wa Jirgi Fifita

Har yau in na ji ƙamshin ruwan rake a kan wuta, sai in tuna ranar da na raka Iya, kakata, hawa jirgin ƙasa. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Marigayi mijinta yana cikin leburorin da suka shimfiɗa dogo, ita kuwa ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta ce kafin ƙafafunta su ƙi ta, sai ta hau daga tashar da ya yi aiki.

Malikanchi zuwa Makarfi

Mun fita bayan sallar asuba, Iya a kan jaki, ni a ƙasa ina tsara wa jirgin waƙa a zuci. A Ikara muka samu babbar mota mai ɗauke da barkono. Atishawa muka yi ta yi har Makarfi.

Da direban ya ji inda za mu, sai ya ce, "Iya, Allah ya sa ya tsaya."

"Da ka san wanda ya shimfiɗa masa hanya, da ba ka faɗi haka ba," in ji Iya.

Tasha

Daga Makarfi a ƙafa muka bi ta gonakin rake, muka isa da azahar. Ɗakin sayar da tikiti awaki ne a ciki. A dandamalin da fasinjoji ke tsayawa, doki ne ke juya injin matse rake, ga mazarƙwaila tana tafasa.

Wani dattijo, Malam Tanimu, ya ce an rufe tashar tun Turawa na nan. "Amma akwai direba guda, in ƙamshin nan ya kai masa, sai ya ja birki. Yau iska ta juya, 'yammata. Riƙe wannan."

Ya miƙa mini faifai. Ni da sabon mayafina, da mata da yara, muka jeru muna kora ƙamshi wajen dogo. Iya ta cire kallabinta tana kaɗawa.

"Ke 'yar boko, da ƙarfi! Ba ɗan jariri kike yi wa ba!"

Jirgi ya taho yana kuka. Ya iso. Ya wuce, ya bar mu da hayaƙi.

Na kasa kallon Iya. Ta ɗaura kallabinta a hankali, ta je ta shafa dogon da hannu.

"Kin gani? Ko motsi bai yi ba. Aikin marigayi Malam ke nan. Mu tafi."

Gida

Mun kwana gidan Malam Tanimu, muka ci tuwon dawa da miyar kuka, washegari muka iso gida lafiya. Allah ya saka masa da alheri.

Sai bayan rasuwar Iya na ji gaskiyar magana. Direban jirgin nan bai ma shan zaƙi. Wata bazawara yake nema a ƙauyen, kuma kafin zuwanmu ya aure ta, ta tare a Zariya.