Buhunan Bayan Gado

Tun ina goyon ɗana na fari nake tsoron ƙuda. Yaron bai zo da ƙarfin jiki ba, kuma na ga yadda zawo ya ɗauki 'ya'yan maƙwabta lokacin yaye. Kullum hannuna na kan faifai, in rufe kunu, in rufe kofin ruwa, in kore masa ƙuda daga gefen ido. Amma a ɓoye nake yi, don a wurinmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta rawar jiki a kansa gaban surukai. Ko kuka yake, sai ki kau da kai kamar ba naki ba.

Shekarun nan kuwa na wahala ne. Damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, har ɓarayi suka fara fasa rumbuna. Sai kowa ya kwashe ɗan abin da ya samu ya kai ɗakin kwana. Namu buhunan gero da na wake bayan gadona aka jingine su, dab da inda yaron ke barci.

Zafi na shigowa na fara ganin wasu 'yan ƙwari masu fukafuki, launin toka, suna tashi in na taɓa buhu. Na buɗe ƙwaryar garin kunu na tarar ya dunƙule da yana kamar ta gizo-gizo, ga tsutsa a ciki. Waken ma ya fara huda-huda.

Maigidana ya je kasuwar Dawanau ya dawo da wata ƙwayar magani a gwangwani. Ya ce a tura cikin buhu a ɗaure, ba ƙwaron da zai kai gobe. Da ya buɗe murfin, wani wari ya bugo ni har cikin maƙoshi. Na dubi buhunan, na dubi shimfiɗar yaron. In na ce saboda yaron, na yi rashin kunya. In na yi shiru, a nan zai kwana yana shaƙa.

Ya ajiye ya tafi masallaci, ni kuwa na zarce wurin mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna. Tana zaune tana tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kame-kame.

"Inna, dama maganin ƙwari ne aka kawo. Shi ne na ce ko ɗakin bai yi ƙanƙanta ba."

Ta ɗago ta kalle ni. "Ɗakin ne ya dame ki?"

Na sunkuyar da kai.

"To, ni angona ne ya dame ni," in ji ta, don haka take kiran jikan nata. "Ke ba ruwanki da shi, na sani. Miƙo min shi nan."

Da maigidan ya dawo, ita ma ba ta kira sunansa ba, shi ma ɗan farinta ne. "Kai wannan, ni za ka mayar bazawara da tsufana? Fitar min da abin nan daga ɗakin mijina."

"Inna, kowa fa shi yake sawa."

"Kowa ɗin ne zai biya ni ango? Ko sadakina bai gama biya ba."

Ya yi dariya, ya kinkimo buhunan waje. Na irin shuka kaɗai ya sa wa ƙwayar, ya kai ɗan ɗakin da muke ajiye garma da fartanya.

Sauran kuwa ni da Inna muka shanya a tabarma cikin tsakiyar rana, har waken na ƙona hannu. Muka sheƙe, muka tsince masu huda. Ta sa na tankaɗe tokar murhu mai sanyi, muka cakuɗa da waken da busasshen barkono, muka cika randa har wuya, ta liƙe bakin da laka. Geron muka sa masa busasshen ganyen darbejiya. Gari kuwa ta ce in daina niƙa da yawa, na kwana biyu ya isa. Ta kuma sa aka matsar da turken awaki daga ƙofata, ƙudan suka ragu sosai.

Washegari maigidan ya buɗe ɗakin garma ya tarar da kazata da ke kwanci a lungu ta mutu a kan ƙwanta. Ya daɗe tsaye. Sai gani na yi ya je ya ɗauki yaron daga bayan Inna ya saɓa a kafaɗa, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

Da waken randar nan na yaye shi. Yau shi ke riƙe mana garma. Inna ta rasu ban taɓa yi mata godiya da baki ba, don in na gode na furta abin da ta rufa min.

Roƙona gare ku, kada a sa maganin hatsi a ɗakin da yara ke kwana. Kuma wanda ya karanta wannan, ya sa Inna a addu'a.