Ranar da Iya Ta Sa wa Mota Linzami

Kakarmu Iya Tabawa ba ta fara labari sai kowa ya wanke hannu daga tuwo. Sannan ta tura kara cikin wuta, ta binne mana gyaɗa a toka, ta harare ni ta ce, "Kai mijin banza, matso, yau ma ba cefane." Muna son tatsuniyoyinta, amma labarin motar kakanmu muka fi roƙo, don shi da gaske ya faru.

A lokacin mota baƙuwa ce a Gumel. Kakanmu yana tuƙa wa wani attajiri babbar mota, yana ɗaukar gyaɗa da fatu. Iya tana jegon babanmu sai saƙo ya zo daga Maigatari: mahaifinta zai bi ayari zuwa Makka a ƙafa, ranar nan bayan azahar. Ga shi bai ga jaririn da aka sa wa sunansa ba.

Suka kama hanya a motar, ita da kakanmu. Sun yi nisa ke nan totur ya maƙale. Kakanmu ya ɗaga ƙafa, mota ta ƙi saurarawa. "Wayyo jikokina," in ji Iya tana kaɗa kafaɗu, "zabi na tashi, jakuna na faɗawa gona, ni ina salati, uban naku kuwa barcinsa yake, ja'iri!" Da ƙyar aka kashe ta cikin rairayi.

Kakanmu ya duƙa ya duba. Yashi ya cika gindin totur, ƙarfen da ke dawo da shi sama kuma ya saki. Ya wanke wurin da kananzir, ya roƙi man shanun da ta ƙullo wa tsoho na guzuri. Ta ba shi rabi tana ƙunƙuni. Totur ya yi laushi, amma in an taka ba ya tasowa, rana kuma sai tafiya take yi. Iya ta sauka ta yanko kaba, ta tufka igiya, ta ɗaura a jikin totur.

"Na ce masa, Malam, kai taka, ni in ja."

Haka suka tafi, goyo a baya, igiya a hannu. In ya ce "Ja!" ta ja, mota ta lafa. Idan Iya ta zo nan a labarin, duk sai mu kama bakin zanenta mu yi ta ja muna ihu, har ta rantse za ta zane mu.

Sun tarar an gama ɗaura wa jakuna kaya. Tsoho ya karɓi takwaransa ya yi masa addu'a, ya leƙa ƙwarya ya tambayi wanda ya cinye masa rabin mai. A nan Iya take tsayawa kullum, ta kore mu mu kwanta.

Sai da na girma na tambayi babana yaushe tsohon ya dawo. Ya ce bai dawo ba, a hanya ya rasu. Tausayin Iya ya kama ni. Ashe shekara da shekaru tana ba mu dariya ne da ranar da ta yi wa ubanta ganin ƙarshe. Yanzu na san dalilin dariyar: ta isa kafin ya tashi.